Sunan da Dada Ba Ta Faɗa

Dudunni, Kusada.

Zuwa ga Baffa Haladu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali duka a Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa kasuwa albarka. Mu ma nan lafiya lau. An gama yankan gero, shanu sun dawo cikin gonaki, Inna kuma ta warke daga ciwon ƙafar. Na rubuto ne don in ka kira waya ba na iya wuce gaisuwa.

Baffa, na samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, amma sai na kai takardar shaidar zama 'yar ƙaramar hukuma kafin ƙarshen watan nan, in ba haka ba za a ba wata gurbin. Na karɓo wasiƙar mai unguwa, na kai dagaci ya sa hannu, na je kotu a Kankiya na yi rantsuwa, na ɗauki hoto. Da na kai ofis sai aka ce tunda Baba ya rasu, dole wani na jininsa ya zo ya faɗi sunansa da bakinsa. Duk waɗancan takardun kuwa sunan ne a jikinsu.

Dada kaɗai ke kusa, don haka muka ɗauke ta a babur. Ma'aikacin ya gaishe ta da mutunci, ya ba ta kujera, sannan ya tambayi sunan ɗanta. Ka san Baba ne ɗanta na fari. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. Ya sake tambaya, ta ce ai uban yarinyar nan ne. Ya ce shi ma ya san kunyar ɗan fari, tasa uwar haka take, amma ƙa'ida ta ce da baki, kuma ba shi ya rubuta ta ba. Haka muka dawo.

Bayan nan ƙaramar hukuma ta kira taron jin koken jama'a kan ƙa'idojin da ke wahalar da mutane a banza. Malama Ilham, wadda ta koyar da ni a makaranta, ta tafi da ni. Na kasa miƙewa in yi magana, sai na rubuta na ba ta ta karanta. Na ce abin da mai unguwa da dagaci suka riga suka shaida, bai kamata a sake neman shaidarsa ba, kuma kafin a kafa doka a riƙa tambayar waɗanda za ta hau kansu. Sun amince za a cire sharaɗin, har za a haɗa sauran matakan a tebur ɗaya. Sai dai gyaran ba zai fara aiki ba sai sabuwar shekara.

Jiya da safe muna tatsar nono Dada ta ce in shirya mu koma, za ta faɗa. Ba ta dube ni ba da ta faɗi haka. Baffa, ko ranar da aka fita da gawarsa ba ta kira sunan ba. Na ce mata babur ɗin ya lalace. Kai ƙaninsa ne, shaidarka ta isa. Don Allah ka zo kafin wata ya ƙare. In hanya ba ta yiwu ba, na gwammace in jira baɗi, kuma kada ka gaya mata dalili.

Ka gaishe da Gwaggo Iyatu, da Salman da Zakiyyu. Dada ta ce a gaishe da autanta Haladu.

'Yarka,
Zuliha Ɗahiru