Takardu Sittin, Hannu Ɗaya

Gashuwa, Jihar Yobe.

Zuwa ga 'yata Raliya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya a can Ibadan. Allah ya ƙara basira, ya sa a gama karatun nan lafiya. Mu nan sai godiya. Makon jiya na leƙa Nguru, na tarar mahaifiyarki, Yaya Asibi, ta warware sarai, har tana faɗa da awakinta.

Wasiƙar nan ta godiya ce, da ɗan wanke kai. Kin aiko mini takardun tambayoyi sittin na binciken digirinki, kan yadda 'yan kasuwa ke ciniki ta Wasaf da Fesbuk, kika ce in raba wa 'yan'uwana masu bandar kifi. To kin san mutanenmu, ɗan kasuwa ya ga takarda da biro, sai ya jiyo warin haraji. Duk wanda na miƙa wa sai ya ce kasuwa alhamdulillahi, ya juya baya. Da na ga lokacinki na ƙurewa, na zauna a rumfa na cike su kaf da hannuna, ina sauya biro, na aika miki. Ni a dole mai dabara. Ashe ramin ƙarya ƙurarre ne. Inda aka tambayi wanda aka fi yarda da hotunan kayansa, duk sittin ɗin suka ce Mudi mai banda, wato ni, har da maƙwabcina Abbagana, wanda tocila ce kaɗai ke aiki a wayarsa.

Da kika kira, na zaci ƙarata za ki kai wurin Yaya. Sai kika ce da takardun sun isa hannun malaminki, da shekararki guda ta tafi a banza, amma wai laifinki ne da kika aiko wa masu baki takarda. Kika ce in ajiye biro, kowa ya yi saƙon murya, ba suna, ba zancen riba. Kin rufa wa kawunki asiri, Allah ya rufa naki.

Na bi rumfa-rumfa, nan da Nguru. Mutanen da suka guji biro, da aka kara musu waya a baki sai da na riƙa ƙwacewa. Muryoyi sittin cif na tura miki jiya, na gaskiya, kwana huɗu kafin wa'adinki. Sai dai ki saurara da tausayi: mutum biyu ne suka ambace ni, ni ne ɗaya. Goma sha tara matata Kellu suka ambata, wadda ke sayar da yajin kifi ta waya daga cikin gida, ni ina zaton hira take da ƙawaye. Yanzu ita ke ɗaukar mini hoto, tana cewa in matsa, ina tare wa kifin haske.

Ki gaida mijinki Nasrullahi da ƙaramar Karima. Kellu na gaishe ki, ta ce ki rubuta sunanta daidai a littafin.

Naki kawu, na biyu a gidansa,
Mudi mai banda.