Yayana Ya Ɗinke Takardar Wasanmu Ya Yi Laya da Ita

Anti Emilia, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki sa sunana. Abin da zan faɗa, wanda ya ji shi da farko dariya zai yi. Ni ma na yi, amma yanzu tsoro nake ji.

Ni ɗaliba ce a kwalejin da ke garin Gidan Waya. Akwai wani wasa da muke yi ranar Asabar da rana, mu biyar. Ba na waya ba ne, takarda ce da biro da ƙwayoyin jefawa irin na ludo. Wani ɗan ajinmu, Abdulrashid, shi ke tsara labarin, kowannenmu kuma ya zama mutum ɗaya a ciki. Akwai jarumi mai sulke, akwai maharbi, akwai ɓarawo. Ni tun farko mai tsari na zaɓa, wadda ba ta iya duka, aikinta kawai ta kare sauran. Jarumi da garkuwa yake tare sara, ɓarawo gocewa yake yi, ni kuwa da sihiri. Sunayen sihirin da Turanci suke, muka ga ba armashi, sai muka laƙa musu namu. Wanda ke sa kibiya ta kauce muka ce kauda bara, wanda ke sandarar da hannun abokin gaba muka ce sagau. Abdulrashid gwanin zane ne, ya tsara mini takardata gida-gida, da lambobi a ciki, har da ado a gefe.

Da na je gida hutu, yayana Kaleb ya ari Littafi Mai Tsarki nawa, ya tarar da takardar a ciki. Ya ja ni gefe ya tambaye ni ko abin yana aiki. Na ɗauka tsokana ce, don mun saba. Na ce masa tun ranar da Abdulrashid ya ba ni ita ba wanda ya taɓa faɗuwa a hannuna. A wasan nake nufi. Da na koma makaranta na neme ta na rasa, na ce ta faɗi a mota, aka zana mini wata.

Makon jiya matarsa Damaris ta kira ni tana ta godiya, wai na dawo mata da miji. A nan na ji komai. Ashe Kaleb ya kai takardar wurin wani baduku a Kafanchan, an ɗinke ta da fata, yana ɗaure da ita a ƙugu.

Anti, muna da gonar citta a hayin rafi. Tun harin da aka kai shekara biyu da suka wuce, wanda aka kashe aminin Kaleb a ciki, garinmu suka yanke cewa ba mai haurawa can sai a ƙungiya, kuma a dawo kafin ƙarfe biyu. Kaleb ko a ƙungiyar ba ya zuwa. Zama ya yi a gida, ya rame, magana ma sai an ja shi. Yanzu shi kaɗai yake hawa mashin ya tafi, ya kai yamma, ya dawo yana waƙa. Ya yi shuka, cittar ta yi kyau, mako mai zuwa zai fara haƙa.

Ƙawata Tamar ta ce in yi shiru, wai layun da wasu ke ɗaurawa ma me ke ciki. Ni kuma na san ko a wasan, in ƙwayoyin suka ba ni ƙasa da goma, kibiya shiga take yi. Amma in na faɗa masa ina tsoron ya koma ɗaki yadda yake da. Kuma ɗan ƙungiyar mawaƙan coci ne, in zancen ya kai kunnen dattawan ikilisiya horo za a sa shi. Ga Abdulrashid da bai san hawa ba bai san sauka ba, a gidanmu an mai da shi malamin tsibbu. Na rasa ta inda zan fara.

Mai Tsari, Gidan Waya

AMSA

'Yata, na karanta wasiƙarki sau biyu. Wasanku ba laifi ba ne, kuma ba ki yi niyyar yaudarar kowa ba. Kuskuren da kuka yi shi ne ɗaukar sunayen da mutanen ƙasar nan ke dogara da su da ransu, kuka sa wa abin nishaɗi. Ku a wurinku raha ce. Mutumin da ya binne amininsa ba zai karanta su haka ba.

Tamar tana da 'yar gaskiya. Yayanki ya tashi, ya yi noma, gidansa ya samu walwala, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai da takardar ta sa shi shiga ƙungiya ne kawai, da na ce ki bi a hankali. Ita kuwa fitar da shi ta yi daga tsarin da garinku ya yi don kare kansa. Wanda ya san ba shi da komai yana waige, yana kasa kunne, yana barin gona da wuri. Yayanki ya daina duk wannan, saboda maganar da kika faɗa masa. Don haka ke ce za ki gyara.

Ki tafi gida Asabar ɗin nan, kafin a fara haƙa. Kada ki yi ta waya. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban matarsa ba. Ki tafi da sabuwar takardar da ƙwayoyin, ki nuna masa yadda ake wasan har ya gani da idonsa. Ki fara da naki laifin, ki ce kin yi wasa inda bai kamata ba, don kada kunyar ta taru a kansa shi kaɗai. Ki kuma wanke Abdulrashid sarai. Sannan ki tuna masa cewa hannunsa ne ya share gonar nan ya shuka ta, kuma zai iya haƙar cittarsa tare da jama'a. Dattawan ikilisiya ba su da buƙatar jin wannan daga bakinki.

In ya saurare ki, maganar ta mutu tsakaninku. In ya ƙi, ya ce shi kaɗai zai ci gaba da haurawa, to ranar nan ki gaya wa Damaris, ku je wurin mai unguwa tare. Na san zai ji kin tona masa asiri, wataƙila ya yi wata da watanni bai ɗaga wayarki ba. Ki daure. Fushin yaya ana zama da shi, ana cin abinci, wata rana a shirya. Abin da kike tsoro kuwa, in ya faru, ba ki da wanda za ki ba haƙuri.

Ubangiji ya kai ki gida lafiya, ya ba ki bakin magana, ya tsare Kaleb da duk masu haura rafin nan.

Anti Emilia