Kawuna Na Tallar Magani Da Sunana, Alhali Asibiti Anka Yanke Min Nono

Assalamu alaikum jama'ar wanga gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya ishe ni.

Ni malamar firamare ce, ina zaune Jega, ina koyarwa wata makaranta wajen Andarai, ƙasar Maiyama. Shekara biyu da sunka wuce na ji ƙulli a nonona na hagu. Kawuna, wan mahaifiyata, mai maganin gargajiya ne a Aliero, irin masu ɗaura lasifika bisa mota suna bin kasuwanni, jarka guda ita ce ta basir, ita ce ta shawara, ita ce ta sanyin mata. Ya ce daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, ran da allura ta taɓa ni ran nan za a gina kabarina. Wata bakwai ina ɗura ruwan sassaƙe, ina shafa wani baƙin gari, har wurin ya fashe ya fara wari. Maigidana ne ya gaji ya kwashe ni sai asibiti Sakkwato. Likita ta ce da na zo da wuri ƙullin kaɗai za a cire. Anka yanke nonon ɗungurungum, na yi kemo, wato ƙarin ruwan maganin daji, gashi ya zube, na ga abin da na gani. Alhamdulillahi dai na tashi.

Ban da shi kawun, ba wanda ya san an yanke sai maigida da Inna, mahaifiyata. Maigida ya ce asirin gida ne, kada in kuskura. Tsumma nike cusawa a rigar nono in zuba hijabi, shi ke nan.

Farkon zangon nan na koma aiki, ina ta fargabar tsegumi, sai na iske ana yi min kallon abin al'ajabi. Ashe kawun nan nawa murya ya ɗauka, lasifikarshi na ta kwarara ta kasuwar Jega, wai ga ɗiyarshi malamar makaranta, likitoci sun sallame ta, jarka uku ta miƙe, ba allura ba wuƙa, mai shakka ya tafi Andarai ya gan ta tana aiki. Kuma zuwa suke! Mata har daga Jiga Birni bisa mashin, su tsaya bakin taga suna leƙena ina koya wa yara lissafi, sai ka ce saniyar sayarwa. Hedimastan namu, mutum da digirinshi wai, shi ke musu jagora har ƙofar aji yana washe baki. Tir! Kawun da ko sau ɗaya bai leƙo ni asibiti ba, wai shi ne yau ya warkar da ni.

Na kira kawun na ce ya ji tsoron Allah. Ko kunya babu, ya ce likitoci fata kawai sunka yanke, saiwar ciwon maganinshi ya kashe ta, kuma ni ba ni da godiya. Inna kuwa gidanshi take zaune tun rasuwar Baba, shi ke ci da ita. Ta sa kuka ta ce in na tozarta wanta bainar jama'a ba ta yafe min nononta da na sha ba.

Da na haƙura wallahi, in ba don Malama Kulu ba, sunan aro ne na sa mata. Ita ta riƙe min ajina duk tsawon jinyata, 'ya'yanta huɗu, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Makon jiya ta ja ni bayan aji ta ce ita ma tana da ƙullin, har an ba ta takardar zuwa Sakkwato, amma da ta ga na dawo garau sai ta ajiye takardar, yanzu jarka ta biyu ta maganin kawun take sha. Na ce ta tafi asibiti gobe-goben nan, ta yi dariya ta ce ni na warke ba ƙarfe, ita ce zan tura a yanka, ko baƙin ciki nike mata? Ba abin da zai sa ta yarda sai in na ɗaga riga ta ga tabon da idonta. Ga shi Kulu ba ta riƙe magana, in ta gani da safe, kafin azahar Maiyama duk ta ji, kafin la'asar ta kai Aliero.

To jama'a mi zan yi? In nuna mata, in ɓata da mijina in ɗauki bakin uwa, ko in ja bakina in yi shiru? Ku yi saurin ba ni amsa don Allah. Jiya da Kulu ta zauna kusa da ni na ji warin nan, kuma na san shi, don na kwana da shi.