Fenaritin Huseina

Litinin, 7 ga Oktoba
Huseina ta tafi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya. Tare aka haife mu, kamarmu ɗaya sak, tare muka je gwaji Abuja, ita aka ɗauka cikin tawagar 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Ni aka ce in dawo Haɗeja. Tun firamare ni ke ba ta ƙwallo tana ci.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na kai wa Baba abinci fadama, suna yankan shinkafa. Na zauna bakin kogi, na tashi, na sake zama. Gida ma ba ya zaunuwa.

Asabar, 12 ga Oktoba
Ta turo hotonta da koriyar riga. Ban amsa ba.

Laraba, 16 ga Oktoba
Sun ci wasan farko, ita ta zura ta biyu. Inna Hajo ta yi ta guɗa har maƙwabta suka cika tsakar gida. Kawu Shu'ibu tun daga Birniwa ya bugo waya. Ni ina ɗaki ina ninke kayan da na riga na ninke. Da ni ce a tsakiyar filin nan... Allah Ya yafe mini.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Saƙon murya daga Huseina: "Hassana, a nan babu wadda ta san inda zan ruga sai na ɗaga hannu." Na saurara sau huɗu.

Asabar, 26 ga Oktoba
An fitar da su a bugun fenariti. Ita ce ta ƙarshe, ƙwallon ta daki turke. A tsaye na kalla, daga bakin ƙofa. Na zata zan ji sanyi a raina. Na laluba, babu.

Lahadi, 3 ga Nuwamba
Inna ta aike ni kasuwa sayen bandar kifi. Mai kifin ya ƙura mini ido, ya ce ashe ni ce na zubar wa ƙasa da fenariti, ƙwallo ai ba ta mata ba ce. Mutane suka juyo. Kalma ɗaya ta isa: ba ni ba ce, 'yar'uwata ce.

Na ce, "Ni ce. In an sake ba ni, zan sake bugawa."

Sai da na iso gida na ga ban sayo kifin ba.

Jibi za ta dawo. Zan je tasha, don dai kayanta da yawa.