Inna Ta Ƙi Zuwa Nima

Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya zafin Jidda, yaya Hajara da yara? Mu nan unguwar Nima lafiya lau, sai dai hankalina bai kwanta ba.

Na gyara wa Inna ɗaki, har katifa na sayo a kasuwar Madina ta nan garinmu, sai ta ce ba ta zuwa. Wata ƙungiya ce ta fara tura wa matan ƙauyenmu kuɗi ta waya duk wata, kyauta, ba sharaɗi. Inna ta rufe ɗakinta da kwano, ta sayi awaki, ta koma sayar da daddawa.

Na kira ta a waya na ce, "Inna, ciwon ƙafarki fa? Nan asibiti na kusa." Ta yi dariya ta ce, "Rakiya, na gaji da jiran aikenku. Yanzu ni ke saya wa jikoki alewa. Ki bar ni."

Wallahi na yi murna, amma na kasa zama. In tallafin ya tsaya fa? Jibi zan hau mota in gan ta da idona. Don Allah kada ka kira ka yi mata faɗa, rabona da jin dariyarta haka tun Baba na da rai.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajara.

Ƙanwarka,
Rakiya