Maganin Kaskar Shanu a Kan Rabi

Birnin Tsaba.

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Legas, ya aiki? Ina fatan Yaya Hajara da yara suna lafiya. Mu nan sai godiya, amma raina a ɓace yake.

Surukata ta ga kwarkwata a kan ɗiyata Rabi da yayarta, sai ta ɗauko maganin kaskar shanu ta shafe musu kai. Kafin la'asar Rabi ta faɗi tana shure-shure, yawu na dalala. Likita a Kaura ya ce gubar ta ratsa fata ta taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ta rayu, amma tana jan ƙafar hagu, hannunta na rawa, ko ludayi ba ta iya riƙewa.

Na tambaye shi me ya sa yayarta amai kawai ta yi. Ya ce wani jikin ya gaji saurin fitar da guba, wani bai gada ba, amma da ba a shafa ba, babu abin da zai same ta.

Tsohuwar nan kuwa gidajen suna take bi, wai farfaɗiya ce, gadon gidanmu. Wa ya taɓa faɗuwa a zuriyar Baba? Maigidana ya sunkuyar da kai, wai uwa ce, in yi haƙuri. To ni ba uwa ba ce?

Ka rubuto masa ya tsawata mata, in ba haka ba alƙali zai ji mu. Kwalbar maganin tana hannuna, na ɓoye ta.

Ku sa Rabi a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Saratu