Jinin Kili

Yamai, 3 ga Nuwamba 1984

Zuwa ga ɗiyata Balkisa,

Bayan gaisuwa, ya karatu, ya baƙuncin Dakar? Ina nan unguwar Bobiel cikin bukkar kara, ni da Kili. Shanu duk sun ƙare a hanyar Tawa, ita kaɗai ta rage, goɗiyar da uwarki ta rena kafin ta rasu. Ba ni da abokin hira sai ita, ita ma ba ta amsawa.

Dasashinta ya yi fari fat. Wani ma'aikacin dabbobi, ɗan boko da ake ce wa Mushe Halidu, ya ɗibi jininta ya duba a madubin likita sau biyu. Ya ce bai ga jariran ƙwayoyin jini ko ɗaya ba, wai ɓargonta ya mutu, barinta da rai zalunci ne. Ga soji sun ce za su kwashe mu a kamyo, babbar mota, ba da dabba ba. Ke da kike karatun likitan dabbobi, mi kika gani? Ina jira.

Ubanki, Tanimu

Dakar, 14 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Don Allah kada a taɓa ta! Mushe Halidu ya auna ta da ma'aunin mutum da kare. Doki daban yake: ba ya sakin jariran ƙwayoyi cikin jini, yana riƙe su a ɓargo sai sun nuna. Ko a lafiyayyen doki ba za a gan su ba. A auna girman ƙwayoyin, in sun fi na da girma to jini na tafe. Ko a ɗibi ɓargo a ƙashin ƙirji. Ka ba ta sati biyu, Baba, da ɗan dusa. Kai da ka yi shekara uku kana jiran ruwa, sati biyu ba za su gagare ka ba.

Ɗiyarka, Balkisa

Yamai, 6 ga Disamba

Balkisa,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta iso ran Laraba, an buɗe ta an sake liƙewa, ta yi kwana ashirin da ɗaya a hanya. Kili kuwa tun ran Litinin aka kai ta bayan gari aka kashe ta. Ni na riƙe igiyar. Da safen nan ta ci dusa, har ta ture ni da kai, na ce ban kwana ne.

Na sa mai rubutu ya karanta mani wasiƙar sau uku. Na kai wa Mushe Halidu, ya karanta, ya zauna ƙasa. Ban zage shi ba, ni na yarda. Kewa ta ishe ni, ɗiyata. Abu guda nake tambaya, kada ki rarrashe ni: da na jira, da ta tashi?

Ubanki

Dakar, 17 ga Disamba

Baba,

Ina gaisuwa. Ba a auna ba, ba wanda ya sani, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Na bar jarrabawa, ina tafe. Ka jira ni, ko sati biyu ne.

Balkisa